Yadda ake shirya motar zamani kafin a auna wutar da take zuƙewa daga batir

Lantarki_Tawa
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a da masu motoci. Ina gyaran wutar mota a nan Tawa, kuma yau kwana uku ke nan wata mota tana tsaye a garejinmu ta hana ni sakat. Ƙirar 2016 ce, fitowar Turai, irin wadda ake tayarwa da danna maɓalli makulli yana cikin aljihu. Mai ita ya ce idan ya ajiye ta kwana biyu bai tayar ba, a rana ta uku ko fitilar ciki ba ta kamawa, kuma ya sauya batir sau biyu cikin wata takwas. Na yi yadda aka koya mini a kan tsofaffin motoci: na kashe mota, na cire kan batir na mas, wato mai alamar ragi (-), na sa mita tsakanin batir da wayar, sai ta nuna amper 2.8. Na shiga zare fizibil, wato ƴan fis ɗin da ke kare layukan wuta, ɗaya bayan ɗaya, amma maimakon adadin ya sauka sai ya riƙa hawa da sauka, wani lokacin ma idan na mayar da fizibil ɗin sai ya haura amper 4. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su faɗa mini yadda ake shirya irin wannan mota kafin a fara awo, domin na fara zargin cewa ni ne nake tayar da abin da nake aunawa.

Baba_Katako
Wa alaikumus salam. Ɗana, zarginka yana kan hanya. Tsohuwar 504 da muka koyi aiki a kanta, da zarar ka zare makulli komai ya mutu in ban da agogo. Motar yanzu kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, ta inji, ta birki, ta ƙofofi, ta sanyi, ta allo, kuma duk suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, waɗanda ake kira CAN. Idan ka kashe mota ba nan take suke yin shiru ba, ɗaya bayan ɗaya suke kwanciya, kuma gwargwadon ƙirar motar abin yana iya ɗaukar minti 10, ko 30, ko ma ya kai awa guda. Saboda haka amper 2 ko 3 a mintunan farko ba ciwo ba ne. Duk lokacin da ka buɗe ƙofa, ko ka cire kan batir ka mayar, ko ka zare fizibil ka sake cusawa, ka tashe su daga barci, kuma lissafin jira ya koma farko.

Ga yadda nake yi a nan Yamai. Tun kafin in kashe mota nake duba inda akwatunan fizibil suke, domin wasu suna ƙarƙashin kapo, wasu a gefen sitiyari, wasu a bayan akwatin takardu, wasu kuma can baya wajen kaya. Sai in buɗe duk ƙofar da zan buƙata, in cire murafan akwatunan in ajiye gefe. Daga nan in ɗauki turnabis in tura harshen makullin kowace ƙofa da ke buɗe, har in ji ya yi ƙas sau biyu, domin motar ta ɗauka an rufe ta alhali tana buɗe. Haka nake yi wa kapo da ƙofar baya. Idan motar tana da ɗan maɓalli na roba a jikin ginshiƙin ƙofa, sai in danne shi da wani abu mai matsewa. Ina sauke gilashin direba tun da wuta, saboda kada motar ta kulle kanta da kayan aikina a ciki. Sannan in kulle da rimot, in kai makullin nesa. Abu guda da nake gargaɗin yarana a kai shi ne, bayan an gama aiki a ja hannun ƙofa harshen ya saki kafin a rufe, domin wanda ya buga ƙofa harshe yana kulle zai iya lalata makullin.

Injiniya_Harobanda
Bayanin Baba ya cika, sai dai ina so a koma baya da taki ɗaya. Malam Lantarki_Tawa, ba ka faɗa mana halin da batir ɗin yake ciki ba. Batir mai lafiya da ya cika, bayan ya huta wasu awoyi, yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya nuna 12.4 saura kamar kashi uku cikin huɗu na cajinsa, 12.2 kusan rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Wannan yana da muhimmanci a wajen shiri, saboda idan wuta ta yi ƙasa wasu kwamfutocin sukan rikice su ƙi kwanciya, wasu motocin kuma sukan yanke wa wasu layuka wuta da kansu domin su ceci batir, sai ɓarawon da kake nema ya ɓuya. A fara cajin batir ya cika, a gwada shi da na'urar gwajin nauyi, sannan a goge samansa, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin ruwan batir tana iya zama hanyar wuta tsakanin kawunan biyu. Kada kuma a manta cewa zafin Afrilu da Mayu a ƙasarmu, wanda yake haura digiri 40, yana gajarta ran batir ko da motar ba ta da wani laifi, kuma batir ɗin da ya mutu murus sau uku ko huɗu ba ya komawa yadda yake.

Lantarki_Tawa
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Injiniya, gaskiya ban auna shi a huce ba, na tayar da motar da wani batir ne na fara aiki. Yanzu na sa shi a caji.

Ɗan_Adar
Ina da tambaya a kan maganar Baba_Katako. Idan aka kulle mota da rimot alhali ƙofofi suna buɗe, ai ƙararrawar ɓarayi za ta ɗauka, musamman idan mutum ya zura hannu ciki domin ya kai ga fizibil.

Baba_Katako
Haka ne, kuma ka yi daidai da ka tuna mini. Motocin Turai da yawa suna da na'urar jin motsi a rufin ciki, kuma akwai hanyar kashe ta na kullewa guda, wani lokaci da maɓalli a ginshiƙin ƙofa, wani lokaci daga allo, wani lokaci kuma da danna kulle sau biyu a jere. Littafin motar yana faɗa. Ba na tsallake kullewar, domin akwai motocin da ba sa shiga barci mai nauyi sai an kulle su, kuma ai a kulle mai ita yake barinta da dare.

Hajiya_Bukoki
Ni ba mai gyara ba ce, amma abin da Baba ya ce a kan nisanta makulli ya taɓa ni, domin na sha wahalarsa. Bara motata ta riƙa kwana ta tashi babu wuta. Wani gareji suka ce altarnata ce, wato na'urar da ke cajin batir, aka sauya, kuɗi suka tafi, bayan mako guda abin ya dawo. Suka ce batir ne, shi ma aka sauya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne idan motar ta kwana a wajensu lafiya take tashi, sai ta dawo gida take mutuwa. Daga baya wani yaro mai natsuwa ya zo har gida ya tambaye ni inda nake ajiye makulli. Na nuna masa ƙusar da ke jikin bango kusa da taga, ita kuwa motar a gindin tagar nake ajiye ta, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ya ce motar tana jin makullin duk dare, suna kiran juna, shi ya sa ba ta samun barci. Na mayar da makullin ɗakin ciki, kuma tun daga ranar ban sake neman wanda zai ba ni wuta da safe ba. Don haka ina ganin tambayar mai mota inda yake kwantar da ita da inda yake rataye makulli tana cikin shirin.

Malamin_Fasaha
Hajiya ta kawo hujja mai kyau. Wanda ba shi da wurin nisanta makulli a gareji yana iya sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi ya rufe sosai, sannan ya gwada ya ga ko hannun ƙofa ya daina amsawa.

Ni abin da na fi so in tsaya a kai shi ne yadda ake sa mita ba tare da an yanke wuta ba, domin a nan ne Malam Lantarki_Tawa ya fara samun matsala. Idan ka cire kan batir gaba ɗaya, duk kwamfutocin sun mutu, kuma idan ka haɗa ta cikin mita sai su farka tare, su ja wuta mai yawa a lokaci guda. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan wata kwamfuta ce ta maƙale ta ƙi barci, yanke wutar yana iya warkar da ita na ɗan lokaci, sai ka auna ka ga lafiya, mai mota ya tafi, bayan kwana uku ya dawo da fushi. Hanyar da nake koya wa ɗalibai ita ce, a mayar da jar wayar mita ramin amper 10, a juya mita zuwa amper na wutar batir. A kwance goron kan mas amma kada a ɗaga shi. A maƙala waya ɗaya ta mita a jikin maƙalar da ke kan wayar motar, a sa tsinin ɗayar a jikin dalmar batir ta ƙasa, sannan a ɗaga maƙalar a hankali ta yadda ko na ƙiftawar ido wutar ba ta yanke ba. Wanda hannunsa ba ya tsayawa sai ya sa wata waya mai kauri ta haɗa batir da jikin mota a gefen mita, ya bar motar ta yi barci a kanta, sannan ya zare ta wutar ta bi ta mita. Da wannan wayar ce kuma ake sauya mita daga ramin amper 10 zuwa na miliamper, wato kashi ɗaya cikin dubu na amper, ba tare da an tashi motar ba. Muddin mita tana tsakani, kada a kunna kontak, balle a yi yunƙurin tayar da inji, domin demarer, wato abin da ke juya inji ya tashi, yana jan amper fiye da 100 kuma fizibil ɗin cikin mita zai ƙone nan take. Mita mai ƙonannen fizibil sifili take nunawa, kuma na ga masu gyara da yawa sun karanta wannan sifilin a matsayin lafiya.

Mai_Gareji_Wadata
Malam, da girmamawa, duk wannan wahalar ta wuce zamani. Akwai mita mai baki irin na filaya da ake rungumar waya da ita, ba a kwance komai. Ita nake amfani da ita kullum.

Malamin_Fasaha
Ba na musun amfaninta, amma ba kowace iri ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwa na wutar gida ne kawai, ba sa karanta wutar batir sam. Waɗanda suke karantawa kuma, idan na amper 400 ne ko 600, ba za su iya bambanta miliamper 30 da 150 ba. Sai an sami ƙarama wadda aka yi don ƙananan awo, a daidaita ta zuwa sifili a daidai wurin da za a yi awon, a kuma tabbata bakinta ya rufe ruf, sannan ta rungumi duk wayoyin da suke fita daga kan mas, ba guda ɗaya ba. Ni ina fara dubawa da ita domin in ga ko motar ta kwanta, amma hukuncin ƙarshe da mitar tsakani nake yankewa.

Mai_Gareji_Wadata
Tawa ƙaramar ce, kuma ban taɓa ganin ta yaudare ni ba a kan yoyon da zai iya kashe batir cikin kwana biyu. Irin wannan yoyon babba ne, ba ya buƙatar awon zinariya.

Injiniya_Harobanda
A kan wannan motar dai Mai_Gareji_Wadata yana da gaskiya, kuma lissafi zai nuna haka. Abin da aka fi yarda da shi shi ne motar da ta yi barci kada ta wuce miliamper 50, yawancinsu ma tsakanin 20 ne da 40. Miliamper 50 a awa 24 amper-awa 1.2 ke nan, wanda batir mai amper-awa 70 zai jure makonni. Ƙwan fitila mai wat 5 da ya kwana a kunne a wajen kaya yana jan kusan miliamper 400, wato kusan amper-awa 10 a yini. Motar da take mutuwa murus cikin kwana biyu kuwa, idan batir ɗinta mai lafiya ne, abin da ake zuƙa ya kai amper guda ko fiye. Idan aka auna aka sami ƙasa da haka sosai, to ko dai batir ɗin ya gaji, ko kuma yoyon mai zuwa ne yana tafiya.

Direban_Konni
Ni dai tun da na sayi motata nake cire kan batir kowane dare, da safe in mayar, kuma ban taɓa zuwa wajen mai gyara a kan wannan ba. Me zai hana a ba mai motar wannan shawara a huta?

Baba_Katako
Ɗan'uwa, a tsohuwar mota wannan dabara ce ta wucin gadi, amma a irin wadda ake magana a kanta tana jawo wasu matsalolin. Gilasai suna manta iyakarsu, agogo da rediyo suna gogewa, wasu rediyoyin suna neman lambar sirri, ƙararrawar ɓarayi ba ta aiki, kuma maƙalar dalma tana sakwarkwacewa da yawan cirewa. Akwai motocin Faransa da ake so a jira kamar minti 3 bayan kashe kontak kafin a taɓa batir, saboda kwamfutar jikin motar ta gama ajiye bayananta. Bayan haka kuma, idan waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, cire batir da dare bai hana ta yin zafi da rana ba.

Almajirin_Wuta
Baba da Malam, ina neman ƙarin haske a matsayina na mai koyo. Idan zare fizibil yana tashin motar, to ta yaya za a gane layin da yake ɗauke da ɓarawon bayan an tabbatar akwai yoyo?

Malamin_Fasaha
Shi ya sa Baba ya ce a buɗe akwatunan tun da farko. Kowane fizibil mai ƙafa biyu yana da ƴan tagogi biyu na ƙarfe a bayansa. Ka juya wata mitar zuwa milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt, ka ɗora tsini ɗaya a kowace taga. Fizibil ɗin da wuta ba ta bi ta cikinsa zai nuna sifili, wanda take bi kuwa zai nuna ɗan adadi, domin shi ma yana da ƴar turjiya. A fizibil na amper 10, wato ja, milibolt 1 yana nufin kusan miliamper 130, kuma akwai jadawalin da ke ba da lissafin kowane girma. Ana buƙatar tsini mai kaifi da mita mai nuna kashi ɗaya cikin goma na milibolt. Sai ka gano wanda ake zargi tukuna za ka zare shi, shi kaɗai, ka dubi babbar mitar, kuma kada ka mayar da shi sai ka gama rubuta abin da ka gani.

Ɗan_Adar
Ba a yi maganar kayan da ake ƙarawa ba. A nan Tawa kusan duk motar da ta zo hannuna tana da cajar waya, ko allon rediyo da aka sauya, ko na'urar bin sawu da aka ɓoye a bayan sitiyari. Ramin da ake sa kwamfutar bincike ma yana da wuta a ƙafa ta 16 ko mota tana kashe, don haka duk abin da aka bari a ciki yana ci. Ni kafin in fara awo nake zare su duka.

Injiniya_Harobanda
A nan na saɓa maka, Malam Ɗan_Adar. Idan ka zare su tun farko, ka auna wata mota ce daban da wadda take kwana a gidan mai ita. Awon farko a yi shi komai yana yadda mai mota yake barinsa, in ban da na'urar bincikenka kai mai gyara, wadda dole a cire. Bayan an sami adadin sai a riƙa cire kayan ƙari ɗaya bayan ɗaya, ta haka za ka iya nuna wa mutum da idonsa abin da yake cinye masa batir.

Ɗan_Adar
Na fahimci hujjarka, amma kowane cirewa yana iya jawo sabon jiran minti 40, kuma mai gareji yana da wasu motocin a layi. Ina ganin wannan ya danganta da yawan lokacin da mutum yake da shi.

Rewaya_Maraɗi
Ina so in ƙara abu biyu. Na farko, akwai farkawar da ba laifi ba ce. Motocin Toyota da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da ɗan famfo da yake gwada yoyon tururin mai kimanin awa 5 bayan an kashe inji, kuma idan ruwan inji bai huce ƙasa da digiri 35 ba sai ya ɗaga gwajin zuwa gaba, abin da yake faruwa da yawa a zafinmu. Wanda ya ga mita ta ɗaga a lokacin kada ya yi saurin yanke hukunci. Na biyu, idan an bi duk ƙananan fizibil ba a sami komai ba, a dubi altarnata, domin diyod ɗinta, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, idan ya lalace yana barin wuta ta koma baya ta babbar waya, kuma wannan hanyar ba ta bi ta akwatin cikin mota. Kafin a kwance wannan wayar a tuna cewa wutar batir tana kanta kai tsaye.

Lantarki_Tawa
Na dawo da rahoto, kuma ina godiya ga kowa. Batir ya cika, bayan ya huce ya nuna 12.6. Na bi shirin Baba daki-daki, na sa makulli a gwangwanin madara na kai ofis, na haɗa mita yadda Malam ya kwatanta, na bar kayan ƙari a wurinsu kamar yadda Injiniya ya ce. Da farko ta nuna amper 2.6, bayan minti 5 ta sauko 0.9, a minti na 20 ta koma 0.2, a minti na 35 kuma ta tsaya a miliamper 38. Na yi murna, amma na tuna lissafin Injiniya, sai na jawo benci na zauna. Bayan kamar awa guda da kwata, babu wanda ya matso kusa da motar, na ji wani ɗan ƙas daga bayan allo, mita ta tashi zuwa amper 2.1, ta zauna a haka kusan minti 12 kafin ta sake sauka. Na tambayi mai motar maganar Hajiya, ya ce a ɗakin sama yake ajiye makulli, nesa da motar. Na kuma lura akwai wata ƴar na'ura a jikin maƙalar mas mai siririyar waya, wadda ban taɓa ba.

Injiniya_Harobanda
Wannan na'urar ita ce mai lura da halin batir, kuma ka kyauta da ka bar ta. A irin waɗannan motoci, idan za ka yi caji batir yana jiki, ka maƙala baƙar waya a jikin mota ba a kan dalmar ba, domin ta ƙirga wutar da ta shiga. Ka tambayi mai motar ko an sanar da kwamfuta lokacin da aka sauya batir sau biyun nan, da kuma ko irin wanda ya fito da ita aka sa, domin motar da take kashe inji da kanta a tsayawa tana buƙatar batir na musamman irin AGM ko EFB.

Mai_Gareji_Wadata
Ni na'urar bin sawu nake zargi. Ka leƙa bayan allon ka ga ko akwai wayar da aka feɗe aka naɗe da salatif.

Baba_Katako
Kada ka kwance allon tukuna, ɗana, domin farkawa guda ba ta isa shaida ba. Yau da dare ka sake shirya ta kamar ɗazu, ka jingine wayar salula a gaban mita ta ɗauki bidiyo, da agogo a gefe, mu ga sau nawa take farkawa kafin asuba da kuma ko tazarar daidai take. Tun tana barci ka auna milibolt na duk fizibil ɗin akwatin ciki ka rubuta a takarda, sannan idan ka ji ƙas ɗin nan ka sake bin su da sauri cikin mintunan da take a farke, ka kawo mana lambobin biyu gobe.